Binne da Tashi: Imani da Tashin Matattu a Rayuwar Kiristocin Damagaram

Tsakure

Maƙalar nan tana duba abin da imani da tashin Yesu Almasihu daga matattu yake haifarwa a zaman yau da kullum na Kiristocin Damagaram, jama'a 'yar kaɗan a garin da Musulunci ya daɗe da kafuwa. Da'awarta ita ce, wannan imani bai tsaya ga batun lahira ba. Shi ne ke yanke wa mai bi yadda zai riƙe jiki, nasa da na wani, da yadda zai yi makoki, da ko zai zauna ko zai gudu sa'ad da tsoro ya zo ƙofar gida. An ɗauki abin da ya faru a garin ranar 16 ga Janairu 2015 a matsayin ma'auni.

Gabatarwa



Wanda ya girma a unguwar Zango ta Damagaram ba ya bukatar a fassara masa sunan unguwarsu. A ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Tarabulus ya ratso Gat da Agadas a nan yake sauke kaya, a wajen ganuwar Birni da Sarki Tanimun ya ɗaukaka, raƙuma su huta kafin a miƙa hanyar Kano. Wurin kwana ne na matafiya. Shi ya sa in dattijo ya ce maka duniya zango ce, ba sai ya ƙara bayani ba: kada ka shagala, da asuba za a ɗaura kaya.

Maganar gaskiya ce, kuma Kirista ma yana faɗinta. Amma tana da tambaya a ƙarƙashinta wadda ta daɗe tana damuna. In duniya wurin kwana ɗaya ce kawai, don me za a yi wa bango yaɓe? Don me za a yi jinyar jikin da gobe ƙasa za ta ci? Don me mutum zai ci gaba da zama kusa da wanda ya taɓa tsorata shi, alhali ga mota a tasha? Unguwar da kanta ta ba da wata amsa, domin masu saukar kwana ɗaya ne suka gina soraye masu zane a fuska waɗanda har yau baƙi ke zuwa kallo. Ni kuwa amsar da nake so mu duba ita ce ta masu bi: abin da suka gaskata game da kabarin da aka tarar babu kowa, da abin da yake sa su yi a wannan zango.

Yadda kalmar ta iso mana

Labarin tashin Almasihu ya shigo Hausa ta bakin ɗan ƙasar nan tun kafin wani ɗan mishan ya taka Damagaram. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance, wanda aka kama bauta yana ƙarami. Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi, bayan mutuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth, har suka isa Turai a 1855. A Ingila ya zauna da James Frederick Schön, wanda ke fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, kuma a shekarun 1857 da 1858 aka buga wasu daga cikinsu. Hausar Dorugu tana cikin Hausar da Schön ya dogara da ita. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito.

Mishan ɗin SIM ya fara aikinsa na Nijar a nan Damagaram a 1924, garin yana fadar mulkin Faransawa, shekara 2 kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Daga baya nauyin aikin ya koma Tsibiri da Maraɗi, inda ya fi samun karɓuwa, kuma daga cikinsa ne ikilisiyar EERN ta fito. 'Yan Katolika na garin suna ƙarƙashin Bishop na Maraɗi tun da aka kafa wannan yanki a 2001. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A Damagaram da yawansu zuriyar ma'aikata da 'yan kasuwa ne daga Benin, Togo, Burkina Faso da Nijeriya, tare da Hausawa 'yan ƙasa. Wannan ƙarancin yana da muhimmanci ga maganarmu. Wanda yake cikin masu rinjaye yana iya riƙe imani a baki kawai, al'ada ta ɗauke masa sauran. Wanda yake ɗaya cikin ɗari kullum rayuwa tana tambayarsa dalili.

Masu fassara sun yi sa'ar kalma. "Tashi" a Hausa ita ce farkawa daga barci, ita ce miƙewa tsaye, ita ce kuma kama hanya: ayari ya tashi. Kalmar Girkanci da Sabon Alkawari yake amfani da ita wajen tashin matattu tana nufin miƙewa tsaye, haka ma alƙiyama a Larabci, har Kiristocin Larabawa suna kiran majami'ar kabarin Yesu da ke Urushalima da sunan Majami'ar Alƙiyama.

Inda muka haɗu da maƙwabta, inda muka rabu

Ba sai an shawo kan Bahaushen Damagaram cewa matattu za su tashi ba. Imani da ranar lahira yana cikin shika-shikan imani guda 6 na Musulunci, yaro a makarantar allo ya san da hisabi. Wannan tushe ne da muke tarayya a kai, ya kamata kuma mu girmama shi. Mai wa'azi a Turai yakan fara da gardamar ko akwai wani abu bayan mutuwa. Mu wannan wahalar ba ta same mu ba.

Bambancin yana nan. Musulmi, bisa Suratun Nisa'i, ya gaskata ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Kirista ya gaskata an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, ya mutu, an binne shi, a rana ta uku ya tashi da jiki. Ma'ana, abin da ake jira a ƙarshen zamani ya riga ya soma a tsakiyar tarihi, a jikin mutum ɗaya, sauran za su biyo. Ban kawo wannan don jayayya ba. Na kawo shi ne don in nuna wata kasala tamu. Saboda muna amfani da kalmomi iri ɗaya da maƙwabtanmu, lahira, ƙiyama, gidan gaskiya, sau da yawa mukan tura tashin matattu can ƙarshe, ya zama abin da za a gani wata rana, ba abin da ya riga ya canja yau ba. Mu yi bikin Ista sau ɗaya a shekara, mu ɗinka sabon kaya, shi ke nan. Alhali dalilin da ya sa muke taruwa ran Lahadi, ranar farko ta mako kamar yadda sunanta na Larabci ya nuna, shi ne a ranar aka tarar da kabarin a buɗe. Kowane mako muna shaida abin da ƙafafunmu, ko da bakinmu ya manta.

Binne

Manzo Bulus ya rubuta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa daga Afisa, wajen shekara ta 54 ko 55. A sura ta 15 ya ɗora kome a kan wannan batu: in Almasihu bai tashi ba, wa'azi da bangaskiya duka aikin banza ne. Ya lissafta waɗanda suka gan shi, har da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya. Da aka zo tambayar wane irin jiki matattu za su tashi da shi, sai ya koma gona, ya yi misali da ƙwayar iri da ake sa wa a ƙasa.

A nan ne nake ganin Bahaushe ya fi malamin jami'ar Turai saurin fahimtar Bulus, domin harshenmu ya riga ya haɗa abu biyun a kalma ɗaya. Ƙarshen bazara, wajen watan Mayu, kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa, manomi a Mirya ko Magarya yakan fita da sungumi ya yi shuka a busasshen rairayi. Sunan wannan shuka binne. Na bi kakana yin ta ina yaro. Shi yana gaba yana sara, mu muna biye da ƙwarya, mu zuba gero kaɗan a rami mu rufe da diddige, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Geron nan shi ne ragowar da aka hana tukunya tun kaka, aka rataye shi a zangarniyarsa, yara suna kallo ba a taɓa ba. Ka waiwaya bayan an gama gona, ba ka ganin kome sai sawun ƙafa. Wanda bai san noma ba zai ce an zubar da abinci a ƙasa ana cikin yunwa.

Dole in faɗi iyakar misalin. Binnen manomi caca ce. Yayyafi yana iya sauka ya tsirar da iri sannan ruwa ya ɗauke, ko gafiya da tsuntsaye su tone, a sake shuka sau biyu ko uku. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da 1984 da 2005 sun san gona tana iya cin iri ta hana damma. Bulus bai ce mana mu yi fata irin ta mai caca ba. Hujjarsa ita ce rami ɗaya ya riga ya tsira, shi ya sa ya kira Almasihu nunan fari, kamar sabon geron da ake fara gasawa tumu kafin a shiga girbi. Wanda ya ci tumu ya san damina ta yi, ko da sauran gona ba ta nuna ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda Bulus ya dosa bayan wannan doguwar magana. Bai ce a naɗe hannu a jira ba. Ya rufe da kira a dage da aiki, domin wahalar ba za ta tafi a banza ba, daga nan kai tsaye ya shiga batun gudummawar da za a tara wa matalautan Urushalima, kowa ya ajiye abin da ya samu a ranar farko ta mako. Rabe-raben surori sai a ƙarni na 13 aka yi su. A wasiƙar da Korantiyawa suka ji an karanta musu, babu shinge tsakanin tashin matattu da kwanon baiko.

Jiki ba tsumma ba ne

In Allah zai ta da jiki, to jiki ba riga ba ce da rai zai tuɓe ya yar. Ikilisiyar farko a Afirka ta Arewa ta gane haka. Da annoba ta auka wa Kartaj, a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 250, Bishop Sifiriyan ya umarci jama'arsa su yi jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba Kirista ba. Bayan shekara 100 da 'yan kai, Sarkin Rum Yuliyanus, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa kula da baƙi da binne matattu ne suke jawo wa Kiristoci mabiya.

A ƙasarmu ma sawun yana nan. Asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yawancin masu zuwa cikinsa Musulmi ne. Danja, kusa da Maraɗi, ta fara da masu cutar kuturta a 1956, a 2012 kuma aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari. Dubi waɗanne jikuna ne waɗannan: wanda yatsunsa suka gutsure, da wadda miji ya mayar gida saboda wari. Mu 'yan Damagaram mun san abin da ake yi da irin waɗannan, domin unguwar Kara-Kara asalinta wurin da aka ware wa kutare ne, kuma har yau 'ya'yanta da jikokinta suna ɗauke da tabon sunan, kamar yadda fim ɗin Aicha Macky na 2021 ya nuna. Ban ce aikin mishan ba shi da aibi ba. An haɗa magani da neman tuba a wasu lokuta ta hanyar da ba ta dace ba, an kuma raina ilimin 'yan ƙasa. Amma tunanin da ke ƙasan aikin daidai ne: hannun kuturu hannu ne da za a tashe shi cikakke, don haka ya cancanci a wanke shi yau.

Haka zancen makoki. Muna kuka, ya kamata mu yi, Yesu ma ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Amma in muka ce wane ya yi barci cikin Ubangiji, ba sakaya magana muke yi ba. Kalmar Faransanci ta maƙabarta daga Girkanci ta samo asali, ma'anarta ɗakin kwana, kuma Kiristocin farko ne suka yaɗa ta. Wanda aka kwantar za a tashe shi.

Ranar Jumma'a, 16 ga Janairu 2015

Yanzu na zo inda maganar ta fi nauyi. Bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris ranar 7 ga Janairu, Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarci tattakin juyayi da aka yi a can ranar 11. Ranar 14 jaridar ta sake buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, kuma ni ma, a matsayina na Kirista, ban ga abin da wannan cin mutunci ya amfana wa kowa ba. Bayan sallar Jumma'a zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, aka ƙone majami'u, da mishan ɗin Katolika da makarantarsa, da gidaje da shagunan Kiristoci. Washegari abin ya koma Yamai, inda 'yan sanda suka ce an ƙone majami'u 45. Mutum 10 suka mutu, 5 a nan, 5 a can. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka kwana a barikin soja. Ba wannan ne karo na fari ba, domin a Satumba 2012 ma an farfasa majami'ar Katolika ta garin. Dole kuma a rubuta, don tarihi ya cika, cewa akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, da malaman da suka yi tir da abin a fili.

Kwanaki kaɗan bayan haka na shiga wata majami'a da aka ƙone. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo ciki, bencina sun zama gawayi, ƙaurin roba bai fita ba. Na tarar da wata tsohuwa daga zumuntar mata, zani ɗaure a ƙirji, tana shara da tsintsiyar kaba. Tokar takardu ce mafi yawa, tana tashi ta koma mata a fuska. Na ce, "Inna, ki bari mana, ai ba yau za a gyara ba." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗana, jibi Lahadi. A kan toka za mu zauna?"

Na daɗe ina juya wannan amsa. Ba ta karanta littattafan tauhidi ba, amma ta kama abin da suke kewayawa. Mai ƙona gini saƙo yake aikawa: ina iya kashe ka, don haka ni ke da magana ta ƙarshe a kanka. Duk ƙarfin barazana a kan mutuwa ya jingina. Wanda ya gaskata cewa mutuwa ta riga ta sha kaye sau ɗaya ba ya daina jin tsoro, jikinsa zai yi rawa kamar na kowa, amma tsoron ba shi ne zai yanke masa shawara ba. Bisharar Yohanna ta nuna almajirai a ɗaki kulle saboda tsoro a daren ranar tashin, sai ga Yesu a tsakiyarsu yana yi musu sallama, sannan ya aike su waje. Ista ta shekarar 2015 ta faɗo 5 ga Afrilu, kwana 79 bayan gobarar, wasu kuma sun yi ta ne tsakanin bangaye masu baƙin hayaƙi.

Ba na zargin waɗanda suka tafi. Mai yara ƙanana da ya kwashe iyalinsa zuwa Maraɗi ko Kwatano bai yi rashin bangaskiya ba, Yusufu ma ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar. Abin da nake cewa shi ne, waɗanda suka zauna, suka koma kasuwar Dole suka buɗe rumfa kusa da mutanen da ba su san ko suna cikin taron ranar ba, suna bukatar dalili da ya fi taurin kai. Shugabannin ikilisiyoyi sun yi kira kada a rama, aka kuwa ji. Rashin ramuwa daga mutum ɗaya cikin ɗari ana iya cewa rashin ƙarfi ne. Amma sake gaisawa, zuwa suna, zuwa gaisuwar mutuwa a gidan da ake shakka, wannan ba dole ba ne. Sai wanda ya yarda cewa hukunci yana hannun Wanda ya ta da matattu, don haka ba sai ya riƙe bashin a ƙirjinsa ba.

A nan kuma akwai kuskuren da nake so mu guje wa. Mun iya cewa "sai haƙuri", har muna amfani da ita mu rufe bakin wanda aka zalunta. Yesun da ya tashi bai ɓoye raunukansa ba, ya nuna wa almajiransa hannuwa da kwiɓi, ya ce wa Toma ya taɓa. Tashin bai share abin da aka yi ba, ya tabbatar da cewa an yi shi kuma ba a ci nasara da shi ba. Saboda haka gafara ba ta hana a ce an yi laifi, ba ta hana neman a hukunta mai laifi a gaban shari'a ko a biya wanda ya rasa shagonsa. Matar da aka ƙone mata keken ɗinki tana da haƙƙin a saurare ta kafin a ce mata ta yafe. Fasto da ya yi gaggawar wuce Jumma'ar gicciye da Asabar don ya kai jama'a Lahadin tashi, ya bar mutane da ciwo a ciki.

Abin da ya rage a wuyan masu koyarwa

Akwai wa'azin da ya shigo mana wanda ke mayar da tashin Almasihu takardar samun mota da biza, mai bi ba ya ciwo, ba ya talauci. Irin wannan wa'azi ba shi da abin faɗa a barikin soja ranar 17 ga Janairu, ba shi da abin faɗa wa manomin da gonarsa ta ƙone. Ya tsallake binne.

Shawarata ga makarantun Littafi Mai Tsarki da masu tsara karatun ikilisiya ƙarama ce. Ista tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, cikin tsananin zafi, rumbu ya fara ƙasa, makonni kaɗan kafin a fita da sungumi. Kada mu rufe sura ta 15 ta Korantiyawa ta fari ranar Litinin ɗin Ista. A ci gaba da karanta ta tare da ta 16 har ruwan fari ya sauka, a karanta ta a ƙauyukan Dungas da Matamaye da kalmomin da manomi ke amfani da su, a bar masu binne su yi mana bayanin ayar. A kuma buɗe asusun iri a kowace ikilisiya a wannan lokaci, domin wanda binnensa na fari ya ƙone ya samu abin sake shukawa, ko mai bi ne ko maƙwabcinsa.